Aikin Rahina, Sunan Mala

Rahina ƴar Tirmini ce, ubanta manomin hatsi da gujiya. A unguwar Zango ta Damagaram take zaune gidan gwaggonta, tana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, shekarar da za su yi jarrabawar fita ta bak. Cikin dukan darussa babu wanda ya kwanta mata a rai kamar informatik, darasin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Sai dai na'urorin ordinatè goma sha biyu ne a makarantar, masu nema kuwa sun fi ɗari, don haka da biro take rubuta aikinta cikin kaye, littafinta na rubutu, layi bayan layi.

Da aka yi shelar gasar makarantun jiha, malaminsu Mushe Kassim ya haɗa ta da Mala, ɗan wani attajirin unguwar Birni, saboda shi yana da na'urarsa ta kansa. Rahina ce ta ƙago manhajar: manomi ya faɗi girman gonarsa, ita kuma ta gaya masa tiya nawa, wato kwanon awo, na irin hatsi zai tanada. Wata uku tana rubutawa, Mala yana bugawa.

Ranar da aka liƙa sunayen masu shiga gasar, na Mala kaɗai ta gani. Ta tare shi gindin itacen bedin makaranta, ya ce mata ai suna ɗaya takardar ke ɗauka, kuma a na'urar wa aikin yake? Mushe Kassim ya ba ta haƙuri, ya ce an riga an aika. Rahina ta koma gida ta kasa cin tuwo. Ba ta yi kuka ba, ta dai daina yi wa Mala magana.

Saura kwana biyar a yi gasar sai ga shi yana kame-kame. Alƙalan gasa sun ce a ƙara lissafin dawa, shi kuwa bai san ta inda zai kama ba.

"Haba Rahina, mu da muke ƴan aji ɗaya. Ki taimake ni, wallahi zan ambaci sunanki a wurin."

Ta yi masa murmushi, ta ce ya dawo gobe. Ta san halinsa sarai, kullum gona mai eka biyu yake gwadawa, bai taɓa sa wani adadi ba. Sai ta rubuta lissafin yadda eka biyu zai fito daidai, kowane adadi daban kuma lissafin ya ɓaci. Mala ya buga, ya gwada da eka biyu, ya yi mata godiya har sau uku.

Ranar gasa ta zauna a layi na biyu. Mala ya sha babbar riga, ya yi jawabi mai daɗi, sunanta bai ko gifta bakinsa ba. Wata malamar gona cikin alƙalan ta ce ya sa mata girman gonar ƙanenta da ke Guna, eka uku da rabi. Allo ya nuna tiya dubu tara na dawa. Malamar ta tambaye shi ko duk Damagaram za a shuke. Zauren ya kece da dariya. Ta ce ya buɗe aikin ya nuna inda kuskuren yake. Ya buɗe, ya tsaya yana kallon layukan kamar baƙon rubutu. Ya ɗago ido ya nemi Rahina, ta dube shi ba ta kau da kai ba har ya sunkuya.

Washegari Mushe Kassim ya kira ta ya tambaye ta ko da gangan ne.

"Da gangan ne, Mushe. Kuma da za a sake, haka zan yi."

Ya ce ta zubar da mutuncin makaranta, ya hana ta shiga ɗakin na'ura har ƙarshen shekara. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta roƙi kowa ba. Mala ya yi mako biyu bai zo aji ba, da ya dawo kuma sai ya tarar ƴan aji sun sa masa suna Tiya Dubu Tara. Har aka fita bak da sunan suke kiransa.