Kunama Babu Dafi

A gidansu kowa Reza yake kiranta, har Goggon da ta raine ta tun tana rarrafe, kuma ba don komai ba sai don harshenta. Shekarunta goma sha tara, watan gobe za ta tafi jami'a. Kafin nan aikinta ɗaya ne, buga rubutun Goggo a kwamfuta.

Goggo marubuciya ce. Littattafan soyayya da barkwanci take yi wa 'yan mata masu tasowa, ta fitar da goma sha ɗaya, amma ko da wasa ba ta taɓa kwamfuta. Da biro take rubutu a littafin makaranta mai layi-layi, tana zaune a kujerarta ta bakin taga. In ta cika littafi guda sai ta ajiye shi a kan teburin cin abinci, Reza ta ɗauka ta buga. Abin da aka buga kuwa Goggo ba ta sake dubawa. Wai ganin rubutunta da harafin inji kamar ganin ɗanta ne cikin kayan aro.

Jaruman littattafan baya duk salihai ne, masu sunkuyar da kai da murmushi a bayan tafin hannu. Ta wannan karon kuwa Kunama ake ce mata a makarantarsu, kuma ta ci sunanta. Ba ta fara gaida kowa, tana yi wa malamai gyara a tsakiyar darasi, ga wani ɗan mai gyaran agogo da ya mutu a kanta, ita kuwa kullum sai ta wanke shi tas. Reza tana bugawa tana dariya har da buga tebur.

Dariyar ta tsaya a shafi na talatin. A nan ne ƙawar Kunama ta nuna mata rigar da ta ɗinka da hannunta, Kunama ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wanda ya sayar miki da yadin ma zai ji kunya."

Reza ta janye hannunta daga kwamfutar. Wannan maganar tata ce, ba ragi ba ƙari. Mako uku da suka wuce ta faɗa wa aminiyarta ita a falon nan, a kan rigar farko da yarinyar ta ɗinka. Aminiyar ta ninke rigarta ta ce, "Ke dai ba a iya zama da ke," ta fice, kuma tun ranar ko saƙo ba ta turo ba. Goggo kuwa tana bakin taga a lokacin, kanta a sunkuye kamar ba ta ji ba. Ashe rubutawa take yi!

Reza ta koma baya ta sake karanta shafukan, sai ga kanta a ko'ina: tsakin da take yi, hararar, har yadda take cewa "sai me?" Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Wato haka Goggo take ganinta, yarinyar da ba a iya zama da ita, kuma yanzu za a buga a raba wa duniya.

Wani sai ya je ya yi magana. Reza dai ba ta iya irin wannan maganar ba, gyara ta iya. Ta bi bakin Kunama layi-layi tana zare dafin. Inda ta ce "matsa min" ya koma "don Allah ɗan gyara." Inda ta yi tsaki ya koma murmushi. Kwana tara tana wannan aikin, littafi shida ta wanke fes. Maganganun sauran mutane kuwa ba ta taɓa ba, don ita da Kunama take rigima, ba da su ba.

Editan da yake fitar wa Goggo littattafai yana da al'adarsa: ba ya miƙa littafi ga masu bugawa sai an karanta hirarrakin cikinsa da baki a gabansa, don a cewarsa kunne ya fi ido kama ƙarya. Ofishinsa yana saman bene, injin buga littattafai yana ruri a ƙasa, fanka tana kaɗa takardun da aka danne da kofin shayi. Dattijo ne mai tabarau da igiya, jan biro maƙale a kunne. Ranar da suka je ita da Goggo, ya miƙa wa Reza kwafi ɗaya.

"'Yata, ke ce Kunama. Ni ne ɗan mai agogo. Malama, ke kuma sauraro ne naki."

Goggo ta jingina ta lumshe ido. Reza ta gyara murya, ta karanta a hankali: "Sannu da zuwa. Turarenka akwai daɗi."

Edita ya amsa da muryar saurayi: "To shi ke nan! Gobe zan zo da warin gumina, in ga ko zai fi miki." Ya ɗan tsaya, ya duba ta saman tabarau. "Ci gaba."

"Na gode da wasiƙarka," in ji Reza. "Zan adana ta."

"Dawo min da abata! Ban rubuto don ki goge tagar ajinku da ita ba!"

Edita ya ajiye takardar. "Malama, yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa? Ana yi masa magana mai daɗi, shi sai kumfar baki yake yi. In haka yake har ƙarshe, asibiti ya kamata a kai shi, ba wajen budurwa ba."

Goggo ta buɗe ido ɗaya, ta sauke shi a kan Reza. "Turarenka akwai daɗi? Ni cewa na yi, turarenka ya riga ka isowa da minti biyar."

"Yawwa!" in ji Edita. "Abin da na gani ke nan a babin farko da kika nuna min a rubutun hannunki, na yi dariya har shayi ya zube min a riga. Wannan kuwa gobe ko sunanta ba zan tuna ba. Wa ya yi mata wannan aika-aikar?"

Reza ta so ta ce kwamfuta ce, amma duk rashin kunyarta ba ta ƙarya.

"Ni ce. Kuma sai me?" Hawaye ya cika mata ido, abin da ya ƙara ba ta haushi. "Goggo, kin kwashe maganganuna kin ba wata muguwa. Duk wanda ya san ni zai gane. In kin gaji da halina ai sai ki faɗa min a gida, ba sai kin buga a littafi ba."

Edita ya tuna cewa akwai abin da zai duba a wajen inji, ya sauka da saurin da bai dace da shekarunsa ba.

Reza ta ɗauka Goggo za ta musa. Ina!

"Ke ce mana," in ji Goggo. "Wa kuma nake da shi? Goma sha ɗaya na rubuta masu sunkuyar da kai, wallahi in na haɗu da su a hanya ba zan gane su ba. Ke kuma watan gobe za ki ɗauki akwatinki ki bar min gida shiru. Na ce bari in ajiye ki a takarda, ranar da kewa ta dame ni in buɗe ki zage ni."

Reza ta yi dariya hawaye na zuba.

"Kin gyara bakinta," Goggo ta ci gaba, "amma ba ki lura da hannunta ba. Wa ya ɗauki jakar ƙawarta ranar da ta yi targaɗe? Wa ya zauna da ita har ta gane lissafi? Tana yi tana masifa, amma ita ce take yi. Muguwa ba ta haka."

Ta buɗe jakarta ta zaro littafi na bakwai, wanda Reza ba ta taɓa gani ba, ta buɗe shafin ƙarshe. A sama an rubuta: Kunama ta je ba ƙawarta haƙuri. Ƙasan kuwa fari fat.

"Kwana da kwanaki ina maƙale a nan. Ni abin da na ji nake rubutawa, kuma shekara goma sha tara ban taɓa jin yadda kike ba da haƙuri ba. Irin wanda kika zuba a kwamfuta kuwa ba naki ba ne, ke ma kin sani."

Reza ta daɗe tana kallon farin shafin. Injin ƙasa yana ta rurinsa. Can ta zaro wayarta, ta nemo lambar aminiyarta, ta danna kafin zuciyarta ta canza. Goggo ta cire murfin biro.

An ɗauka a ƙara ta huɗu.

"Ke, ni ce," in ji Reza. "Maganar rigar nan, na yi kuskure. Kar ki sa in maimaita. Hannun hagun ya karkace, amma wuyan ya yi kyau. Kuma na yi kewarki."

Daga cikin wayar aka ji wata irin dariya mai haɗe da shessheƙa. Goggo kuwa kanta a sunkuye, biro yana gudu.

"A hankali," ta ce da raɗa. "Hannun hagun ya me?"