Tauraro Ɗaya

Wendell Kowalchuk yana tsaye cikin bas, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan yana ta danna waya, yana neman inda ake goge rubutu. Gara a faɗi gaskiya tun da wuri: mutumin nan shekarunsa arba'in da tara, yana iya kwance injin mota ya mayar ba tare da ya bar ƙusa ɗaya a ƙasa ba, amma bai taɓa goge komai a waya ba sai da taimakon 'yarsa. Yau kuwa ita ce ba ya so ta gani.

Tessa shekarunta sha shida, tana wajen uwarta Colleen tun da auren ya mutu. Asabar ɗaya cikin biyu ce rabon Wendell. Yanzu Colleen ta samu aiki a Halifax, wani gari mai nisa a bakin teku, ƙarshen wata za ta tashi, aka bar wa yarinyar zaɓi: ko ta bi uwa, ko ta zauna Winnipeg wajen uba ta ƙarasa makaranta. Yau ta ce za ta ba shi amsa. Shi kuwa ya san ba shi da wani abin nunawa. Shekara biyu ke nan hirarsu ba ta wuce "lafiya lau" da "oho" ba.

Wannan ya sa ya sayi littafin da ya ga tana yawo da shi, wanda ta ba taurari biyar a shafin intanet da masu karatu ke yanke wa littattafai hukunci. Mako uku yana karanta shi a gareji lokacin abincin rana, ya naɗe bangon da tsohuwar kalandar tayoyi don kada abokan aiki su samu abin yi. Labarin wata yarinya ce da samari biyu. Ɗaya ɗan maƙwabta, mai kwashe wa kakarta ƙanƙara daga bakin ƙofa kowace safiya. Ɗayan fatalwa, ya nutse a tafki shekara ɗari biyu da suka wuce, ba sana'a, ba sallama, sai dai a waiga a gan shi tsaye a lungu yana zuba ruwa a kan dabe.

Abin kunyar shi ne labarin ya kama Wendell. Ya sa rai sosai. A shafi na ɗari huɗu da tamanin yarinyar ta zaɓi fatalwar, ɗan maƙwabta kuma ya yi mata fatan alheri ya koma ya ɗauki shebur ɗinsa. Jiya ke nan. Wendell ya ajiye burodinsa, ya buɗe shafin intanet ɗin nan da Tessa ta yi masa rajista tun tana 'yar sha biyu, ya ba littafin tauraro ɗaya, ya zazzage duk abin da ke cikinsa. A zatonsa wurin kamar littafin ajiyar sirri ne. Bai san duk abin da ka rubuta ana aika wa abokanka ba, kuma abokiyarsa ɗaya ce tak a can, wato Tessa.

Da safen nan saƙon Colleen ya shigo: "Tauraro ɗaya, Wendell? A wannan makon?"

Bas ta taka birki, yatsansa ya zame, ya danna hoton zuciya a ƙarƙashin rubutun. Yanzu duniya ta san ba rubutawa kawai ya yi ba, abin ya kuma burge shi. Ya roƙi wata mata mai kayan asibiti da ke zaune kusa ta taimaka. Ta karɓi wayar, ta karanta tun daga farko har ƙarshe, kafaɗunta suna rawa don dariya, ta miƙo masa ta ce ita a nan za ta sauka.

Ya tarar da Tessa ta riga shi zuwa gidan abincin da suka saba, ta zauna kusa da taga, ko rigar sanyi ba ta cire ba. A hanya ya shirya ƙarya uku: wani ya taɓa masa waya, ko ya ɗauka tauraro ɗaya shi ne na ɗaya kamar a jarrabawa, ko wasa yake yi. Kafin ya zaɓi ɗaya ta ɗaga wayarta ta fara karantawa da muryar mai labaran rediyo.

"'Wace irin yarinya ce za ta bar mai zuwa kullum ta bi jiƙaƙƙen mamaci? Wa zai riƙa goge daben?'" Ta ajiye wayar. "Baba, ka ma karanta kuwa, ko bayan bango ka leƙa?"

Nan ƙaryar uku suka gudu suka bar shi. Ya ce ya karanta har da godiyar da marubuciyar ta yi wa kyanwarta. Ya ce a babi na sha tara yaron kirkin nan ya yi tafiyar awa biyu cikin ƙanƙara ya kai mata magani, ita kuwa tana can bakin tafki tana jiran wanda ko inuwa ba shi da ita.

"Ai ba ta ce ya kawo ba," in ji Tessa.

"Sai an ce? Wanda ya damu da kai ba ya jira a ce."

"Shi ya sa ya gundure ta, tsoho. Bai taɓa tambayarta abin da take so ba. Kwashe ƙanƙara kawai ya iya."

Mai kawo abinci ta ajiye musu fanke, Wendell ya zuba masa ido kamar a ciki amsar take.

Daga nan musu ya kankama. Ta cire rigar sanyin. Ta ce fatalwar shi kaɗai ne ke sauraron yarinyar, ya ce dole ya saurara tunda ba shi da aikin zuwa. Ta yi dariya har kofi ya sarƙe ta, dariyar da rabonsa da ji tun tana da gibi a baki. Ta zana masa taswirar tafkin a kan takardar goge hannu, ta kira shi mara zuciya, ya ce ta je ta duba, yanzun nan ya danna guda. Sau uku aka ƙara musu kofi. Wendell ya saci kallon agogo, ya ga sun yi awa ɗaya da minti ashirin, ya fara lissafin fentin da zai saya wa ƙaramin ɗakin gidansa.

Motar Colleen ta tsaya a waje, ta yi oda sau ɗaya. Tessa ta zuge jaka ta ciro wani littafi da ya fi na farkon kauri, gefensa duk ya lanƙwashe, ta tura masa.

"Na biyu. Yaron naka ya ɗan yi hankali a nan. In ka gama ka kira ni a waya mu ƙarasa, amma ka tuna agogon Halifax ya riga na nan da awa biyu."

Ya ce to. Ya so ya ƙara wani abu, sai ya ji kansa yana tambaya ko tana da safar hannu mai kauri, don an ce iskar bakin teku ba ta da kirki. Ta ce tana da ita. Ta sumbace shi a saman kai, daidai inda gashi ya ƙare, ta fita.

Wendell ya zauna har motar ta sha kwana. Sannan ya juya littafin ya duba bayansa, inda aka jera sunayen sauran. Guda bakwai ne gaba ɗaya. Saura shida.