Ranar da Na Sallami Baba

Masaukin da nake aiki yana bakin daji, ɗakuna goma sha biyu ne kacal, amma masu kwana a ciki ba irina ba ne. Mutane ne da ke sauka daga jirgi su biya maƙudan kuɗi don su ji kukan tsuntsu da safe. Wutar sola ce, ruwan wanka ana tace shi a shayar da lambu, kayan miya kuma daga matan garinmu ake saye. Maharban da suka ƙarar da naman dajin, su aka mayar masu gadinsa. Ni ɗan rakiya ne, mai zagayawa da baƙi. An ba ni kaki da takalmi sau ciki, kaina kuwa ya kumbura har ƙofar gidanmu ta so ta yi mini kaɗan.

Wata rana Manaja, matar da ke riƙe da wurin, ta kira ni ofis.

"An ce babanka ya shekara arba'in yana ɗiban zuma a dajin nan. Me zai hana ya riƙa bin ku? Kai ka san sunayen littafi, shi ya san itatuwan."

Na amsa da to, raina bai so ba. Baba ba ya sa takalmi, ba ya tauna magana, kuma rigarsa kullum tana ƙanshin hayaƙi. Da na gaya masa, sai ya yi kamar bai damu ba, amma na ga ya sa Inna ta wanke masa rigar sau biyu.

Wata uku yana bin mu. Zai kankare bayan itace da farce ya miƙa wa baƙo ya shinshina, ya faɗi watan da yake fure, ni in fassara. Baƙi suka fara juya mini baya suna kallon bakinsa. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba.

Sai ranar da wani baƙo mai jar hula ya kama reshe mai fure zai karya don ya ɗauki hoto. Baba ya damƙe wuyan hannunsa.

"Sake shi! Gonar ubanka ce? Ƙudan zuma su ci me?"

Mutumin ya saki reshen. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ba shi haƙuri ya fi sau goma, muka koma masauki. Baƙon bai kai ƙara ba, Manaja ma ba ta ji labarin ba. Amma da yamma na sami Baba a ƙofar gida yana gyara igiya, na tsuguna.

"Baba, Manaja ta ce ka ɗan huta tukuna. Za ta neme ka."

Ya dube ni, ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da igiyarsa. Ita kuma Manaja na ce mata tafiyar ta fara yi masa yawa.

Shekara huɗu ke nan. A cikinsu ciwo ya kwantar da Baba, rabin jikinsa ya daina motsi. Ni na ci gaba da karanto wa baƙi sunaye daga littafi, suna gyaɗa kai don kara.

Makon jiya mai jar hula ya dawo, da matarsa da 'ya'yansa biyu. Ko jakarsa bai ajiye ba ya tambaye ni ina tsohon nan. Ya ce ya zaga ƙasashe, ko'ina lallaɓa shi ake yi, mutum ɗaya ne ya taɓa tsawata masa saboda itace, kuma don 'ya'yansa su ga mutumin ya sake zuwa.

Na tashi aiki na wuce ɗakin Baba kai tsaye. Yana kishingiɗe a kan katifa, Inna ta tokare masa baya da matasai biyu. Na zauna a ƙasa, na gaya masa zuwan baƙon, sannan na ce:

"Baba, Manaja ba ta taɓa cewa ka huta ba. Ni na ƙirƙira."

Bakinsa ya karkace, magana sai a hankali.

"Ai na sani, ɗan nan. Sati biyu bayan nan na gamu da ita a kasuwa. Ta ce me ya sa na guje su."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ƙafa ce ta matsa mini. In ce mata ɗana maƙaryaci ne, ta kore ka?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce gobe zan nemo mota, a kai shi ko bakin dajin ne ya gaisa da mutanen.

Ya dubi ƙafar da ba ta motsi, ya ɗan yi dariya.

"Bar motar. Yanzu kam ƙafar ce da gaske."