Saura Yara Uku

Hedimasta na cikin ɗaure ƙafar benci da igiya motar sufeton ilimi ta tsaya a bakin makaranta. Ya san abin da ya kawo shi. Doka ta ce duk makarantar da yaranta ba su kai goma sha biyar ba a rufe ta, shi kuwa sha biyu gare shi, har da wadda aka taso daga gida da zazzaɓi.

Sufeto ko zama bai yi ba, ya ƙirga kawuna da biro kamar mai sayen awaki.

"Sha biyu ne, Malam. Ni ɗan aike ne."

Wai ɗan aike! Ran hedimasta ya ɓaci. Ya ja shi zuwa bangon baya, inda aka zana sunaye arba'in da ɗaya a jikin siminti.

"Karanta, ranka ya daɗe. Lokacin yaƙi rana ɗaya aka kwashe su daga ƙauyen nan, shida suka dawo. Ran nan wa ya ce mun yi kaɗan? Matansu ne suka ɗebo yashin ginin nan a ka. An rufe mana ɗakin shan magani, motar haya sai ranar kasuwa, sannan a dawo ana tambayar ina mutane!"

Tsohuwar da ke share makarantar ta matso da tsintsiyarta.

"Na uku daga sama ubana ne, ina goye aka tafi da shi. In kai ake nema ga nawa, ɗana, rubuta ni. Da ma ban iya karatun ba."

"Haba Iya, sai yara," in ji sufeto.

Hedimasta dai bai huce ba. "Su ma 'yan garin nan marasa kishi ne! Kowa ya samu kuɗin mota sai ya tattara iyalinsa ya yi birni, ya bar mana kangaye da tsofaffi. Tir!"

Sufeto ya sassauta murya.

"Uku kawai nake nema, Malam, in koma in ce na tarar da sha biyar. Kai ba ka da yara?"

Tsohuwa ta sunkuya ta ci gaba da shararta.

"Akwai," in ji hedimasta.

"Nawa?"

"Huɗu."

"To suna ina?"

"Suna birni, wurin uwarsu. Ka san makarantar can ta fi…"

Sufeto ya buɗe fayil, ya miƙa masa biron, ya nuna masa inda zai sa hannu a takardar rufe makarantar.