Motar Takarar Alhaji Nu'man

Alhaji Nu'man ya daɗe yana fataucin albasa da wake tsakanin Illela da Ƙonni kafin sha'awar kujerar kansila ta kama shi. Ranar da ya yanke shawarar tsayawa a mazaɓar Lafani, inda aka haifi mahaifinsa, mota ya fara nema. Ya sha ganin yadda manyan 'yan siyasa ke shigowa gari, rufin mota a buɗe, rabin jikinsu a waje, suna ɗaga wa jama'a hannu. A ganinsa, duk wanda ke gaisuwa ta tagar gefe bai shirya mulki ba.

Sai ya tsallaka Ƙonni ya sayo wata tsohuwar mota da ta gama yawonta a Turai, ta ƙara wani a Kwatano. Fenti ya koɗe, ƙofar baya sai daga waje take buɗuwa, amma akwai gilashi a rufi wanda in an danna maɓalli yake ja da baya yana gurnani. Wannan ya ishe shi.

Ruwan farko na damina ya same shi cikin motar, sanye da sabuwar shadda. Ɗigon ya fara a kan hula, ya gangaro ta bayan wuya, kafin su iso gida kujerar ta zama tabki. Matarsa Ummul Khairi ta ba shi robar wanki ya riƙa ɗorawa a cinya, ya ce ɗan takara ba ya yawo da roba. Magoya bayansa kuwa suka rantse 'yan adawa ne suka huda rufin.

Daga nan ruwa ya ɗauke, gero ya fara yaushi a gonaki. Alhaji ya kai motar garejin Idi, bakaniken da bai taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinsa ba. Idi ya hau rufin ya leƙa.

"Alhaji, robar da ta kewaye gilas ta mutu. Bututun da ruwa ka bi kuma ƙasa ta cike shi."

"To mi za a yi?"

"Ka bar mini. Ko Turawan da sunka ƙera ta ba su san ta kamar ni ba."

Ya zura waya cikin bututun, ya kafa baki ya hura har idonsa ya yi ja. Sabuwar roba babu ita a Illela, don haka ya yanko tsohuwar tayar babur ya liƙa a gefen ramin da gam mai yawa. Ya kwarara ruwan buta a kai, ko ɗigo bai sauka ba. Alhaji ya ji daɗi har bai tuna ya gwada maɓallin ba.

Ranar gangami a Lafani hadari ya haɗo daga gabas. Da suka shiga filin, direbansa Bashar ya danna maɓalli. Gilashin ya yi gurnani, ya ja rabi, ya cije a jikin tayar Idi. Alhaji ya dubi ramin, ya dubi cikinsa, ya dubi taron da ke jira. Ya yi bismillah ya tura kai, ya tura kafaɗu, ya matsa har ƙirji ya fita.

"Bashar, ƙara buɗe shi."

Bashar ya danna, amma ta gefen rufewa. Gilashin ya dawo ya kama Alhaji daidai tumbi, wani abu ya yi ƙas a cikin rufin, maɓallin ya mutu.

Sai ruwa ya tsuge. Ɗan takarar adawa, da ke nasa taro a ɗaya gefen filin, ya ruga cikin motarsa. Masu kiɗa suka kwashe kayansu.

"Ja ni ƙasa!" in ji Alhaji cikin raɗa. Bashar ya kama ƙafafunsa ya ja. "Kai, wandona kaka ja! Saki!"

Alhaji ya ɗaga hannu biyu yana neman agaji. Manoman da suka fake ƙarƙashin rumfa suka ga mutum tsaye cikin ruwan da suka daɗe suna roƙo, hannunsa sama, fuskarsa a jiƙe, bakinsa na motsi. Wani dattijo ya fito yana cewa, "Ku duba, kowa ya gudu, wanga bawan Allah shina godiya!" Nan take filin ya sake cika, ana kabbara.

A haka Bashar ya tuƙo shi har Illela a hankali, mutanen ƙauyukan hanya suna ɗaga masa hannu. Idi ya kwance gilashin ya zaro shi, sannan ya shafa kujerun ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Ciki a bushe. Ni aikina ba shi yoyo."

Mura ta kwantar da Alhaji, muryarsa ta dushe har ranar zaɓe, bai samu yin alkawari ko ɗaya ba. Mutanen Lafani suka ce ga mutum mai kunya, ba shi da surutun banza. Ya ci zaɓe da rata mai faɗi.

Da damina ta zagayo ruwa ya sake ɗaukewa, sai ga dattawan Lafani a ƙofar gidansa da hantsi, sun zo roƙon Honarabul ya shiga motar nan ya je ya tsaya musu a fili kamar bara, ko a samu ruwa. Alhaji ya leƙa ta taga ya gan su sun shimfiɗa tabarmi, alamar ba sauri suke ba. Ya koma ɗaki ya ce wa Ummul Khairi ta aika a faɗa musu ya tafi taro Sakkwato.