Babu Wuri a Kwantena

Yaran sun gama waƙar maraba, aka yi tafi, amma Malama Wasila kaɗai ce zaune a jerin kujerun baƙi. Kowace kujera da sunan mai ita a manne da kwalbar ruwa a gabanta. Shugabar makarantar, wata Balarabiya mai fara'a, ta sake duban ƙofa, ta tambaya ko sauran tawagar na hanya.

"Ba su jin daɗi," in ji Wasila da Turanci, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Lafiyarsu ƙalau. Suna can kasuwar 'yan Caina tun hantsi. Ƙaramar hukumarsu ce ta turo su Dubai wai su koyo shugabancin makarantu, ƙarƙashin Sakataren Ilimi, Alhaji Mijinyawa, wanda ritayarsa ta ƙarato. Wasila shugabar wata firamare ce ta ƙauye, ta daɗe tana ƙaro karatu don ta gaji kujerarsa, shi ya sa ta zo da kunnen saurare. Sauran da tef ɗin awon labule suka zo.

Aka zagaya da ita, tana tambaya ana amsawa, har suka fito bayan ginin. Nan ta tsaya cak. Bencina ne masu haɗe da tebur, jibge sun kusa kai taga, ko fentinsu bai koɗe ba. An sauya sababbi, in ji Balarabiyar, waɗannan kuwa 'yan gwangwan ne za su zo ranar Alhamis su kwashe.

Wasila ta shafa ɗaya. Ɗalibanta a ƙasa suke zama, a kan gwiwa suke rubutu. Da damina kowa da guntun buhunsa yake zuwa, wanda ba shi da shi ya yi darasi a tsugune. Ta cire kunya ta roƙa.

"Ki kwashe duka, kyauta," matar ta ce. "Ki dai zo da mota kafin Alhamis."

* * *

Da benci ɗaya a bayan tasi ta isa siton da ke bayan kasuwar, inda ake loda kwantenar tawagar. Kwantenar da ƙaramar hukuma ta ɗauka da sunan kayan koyarwa ce. Ƙanenta Dikko, wanda ke aikin lodi a kamfanin, ya taryo ta da sauri, gumi ya jiƙe masa riga.

"Yaya, don Allah bi a sannu. Mutumin nan babban kwastoman maigidana ne, bizata kuma a hannun maigida take."

Ta leƙa ciki. Gadaje, firji, janareta, katan-katan na tayil, har da kekunan yara. Alhaji Mijinyawa na kishingiɗe a kan sabuwar kujera da ko ledarta ba a cire ba, yana kurɓar shayi, 'yan tawaga na kewaye da shi. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ajiye bencin a gabansa, ta zayyana masa komai.

"Madalla, Malama Wasila, kin yi ƙoƙari. Sai dai babu wuri. Dikko, faɗa wa yayarka."

Dikko ya sunkuyar da kai. "Ta cika, Yaya. Halas, ba sauran wuri."

"To a sauke gadon can, ranka ya daɗe."

"Na'am?"

"Na ce a sauke gadon. A wace makaranta ake koyar da barci? Yau ni kaɗai na zauna a gaban 'ya'yan mutane suna yi wa kujeru waƙa. Na yi muku ƙaryar ciwo, Allah ya yafe mini!"

Alhaji bai ɗaga murya ba. Irinsu ba sa ɗagawa, ba su da bukata. Ya ajiye kofi a kan bencin, ya dube ta yadda ake duban yaron da ya kasa haddar karatu.

"Ke da ke neman kujerata, ashe har yanzu ba ki koyi komai ba. So kike a ce mun je Dubai mun kwaso bola? Sannan in benci ya zo kyauta, kwangilar bencin bana wa za a ba? Akwai mutane a bayanta, Malama. Su ne za su ɗaga hannu ranar da za a naɗa ki."

"Kwangilar bara fa, ranka ya daɗe? Ina bencinta?"

Wani ya hau duba wayarsa, wani ya tuna bai yi la'asar ba. Nan take ta san kujerar ta kuɓuce mata, kuma wallahi ba ita ce ke ci mata rai ba.

* * *

Ta bi 'yan kasuwar Kano da na Yamai otal-otal a unguwar Al Buteen tana roƙon wuri. Kowa ya tausaya, kowa kwantenarsa ta cika.

Ranar Alhamis ta koma makarantar ba mota, ta tarar 'yan gwangwan sun riga ta. Wayarta ta yi ƙara. Dikko ne.

"Yaya, an rufe kwantena. Bencin nan da kika bari ya samu shiga. Alhaji ne ya ce a cusa shi a bayan firji. Wai zai yi wa jikansa daidai."

Ta kashe wayar. A gabanta wani mutum ya kifa benci, ya taka shi da ƙafa, ya ɗaga guduma. Katako ya tafi gefe ɗaya, ƙarfe gefe ɗaya, ya miƙa hannu ya jawo na gaba.