Hudar Kwano a Saman Injin Hashimu

Bara gero ya ƙone a tsaye, bana kuma damina ta ƙi sauka. A cikin wannan hali ne ƙaramin gidan rediyon da ke kusa da Gazawa ya samu sabuwar kwamfuta. Hashimu mai kula da injuna ya bar gefenta a buɗe saboda zafi, ana ganin babban allon da komai ke maƙale a jikinsa, wanda suke kira kart mer. Gurbin ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, ga kafofin sauti, ga na waya reras a baya. Ko ƙuda Hashimu ba ya bari ya sauka a kai.

Cima mai karanta sanarwa ta nuna masa hudar kwanon rufi daidai saman teburin da kwamfutar take.

"Malam Hashimu, ba ka toshe wannan?"

"Don wane ruwan? Yaushe rabonmu da hadari?"

Ran Laraba da la'asar, tana tsakiyar sanarwar shanun da za a karyar don babu ciyawa, sai wani abu ya ce ɗis a kan allon. Hashimu ya fizge wayar wuta, rediyo ta ɗauke. Ya tuɓe riga ya lulluɓe injin, ya duƙa a kansa yana salati, ruwa na zuba a gadon bayansa.

Da ya ja tebur gefe ya duba, ɗigo ɗaya ne tak, a bakin allon. Ya goge shi da hularsa.

"A kunna?" in ji Cima. "Ban gama sanarwar ba."

Hashimu ya leƙa waje. Gari kaf ya fito cikin ruwan.

"Bari ya bushe. Yau ba mai sayar da saniyarsa."